Ranar da Aka Hana Ni Gaida Abokina



A zumuntarmu ta makon jiya, wata ƙanwarmu da ta samu gurbin karatu a jami'a ta tashi ta yi tambaya. Ta ce, in ta je can, yaya za ta gane ƙungiyar da za ta cuce ta? Aka ce mata ta riƙe addu'a, ta guji miyagun abokai. Amsar ba ta da laifi, amma na koma gida raina bai kwanta ba, domin ni da addu'a aka kama ni, kuma waɗanda suka kama ni ba su yi kama da miyagu ba ko kaɗan. Na daɗe ina ɓoye wannan labari saboda kunya. Iyayena da faston da ya taimake ni ne kaɗai suka san shi dalla-dalla. Yau zan faɗa.

Na shiga makaranta a wani babban birni inda ban san kowa ba. A gida ni ɗan kwaya ne, kowa ya san sunana, in ban zo sujada ba kafin azahar wani ya leƙo. A birnin nan na je wata majami'a Lahadi huɗu a jere, na zauna a benci na baya, aka tashi, ba wanda ya tambaye ni daga ina nake. Ba na zarginsu, taron ya fi ƙarfin masu maraba. A wata na biyu zazzaɓin taifot ya kwantar da ni. Kwana uku ina kwance a ɗakin kwanan ɗalibai, kuɗin hannuna ya ƙare, ina jin nauyin in sake kiran Mama domin na san yadda aka haɗa kuɗin makarantar.

Wani ɗan ajinmu ne ya lura ba na zuwa lacca. Ya zo da wasu mutum biyu, suka kai ni asibiti, suka biya kuɗin ƙarin ruwa. Kowace safiya wata 'yar'uwa tana aiko mini da kunun gyaɗa a kula. Da na warke suka ce in zo in gode wa Allah tare da su a wata 'yar ƙungiyar addu'a da suke yi a bayan makaranta. In kai ne, za ka ƙi?

Mu kusan arba'in ne, a wani gini da ba a gama ba. Shugaban, wanda kowa ke kira Baba ko da yake bai kai shekara arba'in ba, ya kira sunana tun ranar farko, ya tuna sunan ƙauyenmu, ya ce Allah ya nuna masa ina da kira. Ban taɓa jin waƙa mai daɗi irin ta wannan dare ba. Har yau ba na iya cewa duk abin da na ji a wurin ƙarya ne. Kunun gaskiya ne, kuɗin asibitin ma gaskiya ne, kuma yawancin yaran nan da zuciya ɗaya suka ƙaunace ni.

Bayan shekaru na karanta wani bincike da ya sa na daina ɗaukan kaina wawa. A farkon shekarun 1960 wasu masana zamantakewa biyu a Amurka, John Lofland da Rodney Stark, sun zauna da wata ƙaramar ƙungiya ta mabiyan Sun Myung Moon a yankin San Francisco, suna kallon wa ke shiga, wa ke wucewa. Sun buga sakamakon a 1965. Abin da suka gani shi ne mutane da yawa sun ji koyarwar, amma waɗanda suka zauna su ne waɗanda abotarsu da 'yan ƙungiyar ta yi ƙarfi har ta rinjayi dangantakarsu da mutanen waje. Yawanci abota ce take fara shiga, koyarwa ta biyo baya. Shi ya sa sabon ɗalibi, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ya rasa aiki, da wanda aka yaudara a soyayya suka fi saurin shiga hannu: igiyoyin da suka ɗaure su da sauran jama'a sun yi sako-sako a daidai lokacin. Ni ma ban shiga don wata koyarwa ba. Da a ce 'yan ƙwallon ajinmu ne suka kai ni asibiti, da ƙila ɗan ƙwallo na zama.

Kuma wannan yunwar ba zunubi ba ce. Allah ne ya yi mu da ita. Ita ce take tara iyayenmu mata a zumuntar mata, take tara yara a Boys' Brigade, take cika gidan kallon ƙwallo daren Talata. Kowa yana so a san da shi, a ba shi wani aiki, a yi kewarsa in ba ya nan.

Abubuwa sun canja a hankali, shi ya sa ban farga ba. Da farko taro sau biyu a mako. Sai aka ƙara addu'ar dare. Sai aka ce wanda yake son girma cikin Ruhu ya riƙa zuwa wurin Baba shi kaɗai ya faɗi zunubansa, har da na tunani, Baba yana rubutawa a wani littafi wai don ya riƙa yi mana addu'a a kai. Sai aka fara kiran sauran ikkilisiyoyi matattu. Da Kirsimeti ya matso aka ce gida akwai ruhohin gado da za su ɓata abin da muka tara, gara mu zauna mu yi azumi. Na kira Mama na ce karatu ya yi yawa. Wannan ce ƙaryar farko da na yi mata da sunan Allah, kuma da na gaya wa Baba ya yaba mini.

Kuɗi kuwa ba a taɓa cewa dole ba. Baba zai ce Ruhu ya nuna masa akwai mutum uku a nan da suke riƙe abin da ba nasu ba, sai ya yi shiru. A zango na biyu na ba da rabin kuɗin abincina. Ba ma'aji, ba rahoto, ba wanda ya san nawa aka tara. Wani ya taɓa tambaya, aka yi wa'azin awa biyu a kan Kora da tawayen da ya yi wa Musa. Ba a ambaci sunansa ba, amma kowa ya san da wa ake.

Wanda ya yi tambayar shi ne abokin nan nawa da ya kai ni asibiti. Bayan sati biyu ya daina zuwa. Baba ya tara mu ya ce Shaiɗan ya shige shi, ya buɗe littafin nan ya karanta mana wasu daga cikin abubuwan da yaron ya faɗa masa a asirce, ya ce duk wanda ya gaishe shi ya yi tarayya da duhu. Washegari muka haɗu a ƙofar ɗakin karatu. Ya miƙo mini hannu ya ce, “Ɗan'uwa, ya jiki?” Na kau da kai na wuce. Mutumin da ya riƙe mini robar ƙarin ruwa. Na yi tafiya kamar taku ashirin ƙafafuna suna rawa, ina gaya wa kaina biyayya nake yi. A cikin zuciyata kuwa lissafi nake: ni ma akwai shafina a littafin nan.

Ba wa'azi ne ya fitar da ni ba, yajin aiki ne. Aka rufe makaranta, aka kore mu daga ɗakunan kwana, ba yadda zan yi sai na tafi gidan kawuna a wani gari. Kawu mai kiwon tattabara ne. Suna da majalisa, su kamar goma sha biyar, kullum da la'asar a gindin darbejiya kusa da gidansa: tela, direban tifa, malamin firamare mai ritaya, Kirista da Musulmi. In ka gan su za ka ce ai waɗannan ma an kama su. Suna da yarensu da na waje ba ya ganewa, sunan kowane launi da kowane irin tsuntsu. Suna kashe kuɗin da matansu suke ƙorafi a kai. Suna da wani dattijo da suke kira sarkin tattabara, wanda ake kai wa ƙara in tsuntsun wani ya ja na wani zuwa gidansa. Kawu yana iya tashi da asuba don ya duba 'yan shila kafin ya duba 'ya'yansa, Inna takan faɗa masa haka a gaban kowa.

Na zauna da su wata biyu ina raina su a zuciya, ina cewa mutanen duniya. Amma ina kallo. Wata rana telan ya ƙaryata sarkin a gaban jama'a a kan maganin wata cuta, aka yi ta musu har magariba, aka tashi ana dariya, gobe sarkin ya dawo ya ce telan ne da gaskiya. Suna da ɗan asusu na sayen dawa da gero a buhu, kuma duk ƙarshen wata malamin nan yana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, har da canjin naira hamsin. Ba wanda ya damu da cocin da kake zuwa ko masallacin, ko wa za ka aura. In an yi kiran salla wasu su tashi, in ranar zumunta ce Kawu ya tashi, ba mai cewa ka fifita wani abu a kan majalisa.

Abin da ya karya ni shi ne direban. Ya sayar da tsuntsayensa duka, ya ce ya gaji, kifi zai koma kiwo. Na zuba ido in ga abin da za a yi masa. Aka yi masa tsiya, aka ce zai dawo. Bayan kwana huɗu sai ga shi ya zo wucewa, aka matsa masa a benci, aka miƙa masa rake, ana tambayarsa labarin tarwaɗa. Da dare na ce wa Kawu, “Kawu, ba ku yi fushi da shi ba?” Ya dube ni kamar na yi tambayar yara, ya ce, “Fushin me, ɗana? Tattabara ya bari, ai bai bar mu ba.” Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ƙarami. A daren na faɗa masa kome, shi kuma da safe ya kai ni wurin fastonsu.

Tun daga lokacin nake tunanin bambancin wuraren nan biyu, domin daga nesa sun yi kama. Duka akwai shugaba, akwai yare na cikin gida, akwai sadaukar da lokaci da kuɗi, akwai zafin so. Zafin so ba shi ne alamar ba. Ɗan Arsenal na gaske ya fi wasu masu bi kishi. Baƙuwar koyarwa ma ba kullum take fitowa fili ba, domin Baba daga Littafi Mai Tsarki ɗaya da namu yake karantawa. Majalisar Kawu yanki ɗaya na rayuwarsa take so, la'asar ɗinsa da ɗan kuɗin dawa, ta bar masa sauran. Ƙungiyar Baba duka take so: barcina, kuɗina, asirina, uwata, da wanda zan gaisar. Kuma ƙofar fita ita ce ta fi tona asiri. In kana so ka san ƙungiya, kada ka tsaya ga yadda take karɓan baƙo, kowa ya iya wannan. Nemi wanda ya bar ta, ka ji abin da ake faɗa a kansa.

Namu ƙaramin abu ne, ba a kashe kowa ba. Amma da na karanta labarin waɗanda suka kai ƙarshe, na ga tsarin ɗaya ne. Jim Jones ya fara a birnin Indianapolis na Amurka a shekarun 1950 da majami'ar da baƙar fata da farar fata suke zama tare a lokacin da ba a saba ganin haka ba. Suna ciyar da matalauta, suna kula da tsofaffi. Mutanen kirki ne suka bi shi, saboda dalilai na kirki. Ya kwashe su zuwa California, daga baya a 1977 ya kai ɗaruruwa wani daji a ƙasar Guyana, inda aka karɓe musu fasfo, ake tace wasiƙunsu, muryarsa tana fita a lasifika dare da rana. A watan Nuwamba 1978 wani ɗan majalisar Amurka, Leo Ryan, ya je ya gani da idonsa. Mutum goma sha wani abu kacal suka ce za su bi shi su tafi, cikin kusan dubu. Wannan ɗan fitar Jones bai iya jurewa ba. Aka harbe Ryan a filin jirgi, kuma a ranar, 18 ga Nuwamba, mutum fiye da 900 suka mutu, yawancinsu da guba, kusan 300 daga ciki yara.

A Kanungu ta ƙasar Uganda ma wajen fita ne abin ya fashe. Wata ƙungiya mai da'awar maido da Dokoki Goma, ƙarƙashin Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde, ta ce duniya za ta ƙare a ƙarshen 1999. Mutane suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa kuɗin. Shekara ta juya, duniya tana nan, wasu suka fara neman a mayar musu da dukiyarsu. Ranar 17 ga Maris 2000 aka tara ɗaruruwa a ɗakin sujada da aka toshe tagoginsa, wuta ta cinye su, daga baya aka tono wasu gawawwakin a gidajen ƙungiyar. Jimilla ta haura 700. A 2023 kuma aka tono gawa fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da koya musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Ku lura, 'yan'uwa, duka ukun nan da sunan Allah aka tara mutane, da waƙa da addu'a irin tamu. Mun saba in aka ce ƙungiyar asiri sai mu tuna masu gatari da shan rantsuwa da dare, mu ce Allah ya tsare, mu ɗauka mun tsira.

Su ma masu gatarin ba da gatari aka fara ba. A 1952 ɗalibai bakwai a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates, ta samari masu adawa da girman kai da ƙabilanci a makaranta. Bayan shekaru wasu suka ɓalle, wasu suka kwaikwayi tsarin, aka ƙara rantsuwa da ɓoyo da gaba, har aka kai ga daren 10 ga Yuli 1999 da 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Abin da wannan ya koya mini shi ne ƙungiya tana iya sauya hali da sunanta bai sauya ba, kuma wannan ya haɗa da tamu.

Faston da Kawu ya kai ni wurinsa bai yi mini faɗa ba. Ya ba ni wurare in karanta da kaina, ya ce in dawo in yi masa gardama in na ga dama, abin da ya ba ni mamaki. A Yohanna sura 6, almajirai da yawa sun ji maganar Yesu ta yi musu wuya, suka juya suka tafi. Bai la'ance su ba, bai tona asirinsu ba, bai aika a bi su ba. Ya juya ya tambayi sha biyun ko su ma suna so su tafi. A Ayyukan Manzanni sura 17 an yabi mutanen Biriya domin suna bincika Nassi kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, Bulus manzo fa. A Galatiyawa sura 2 Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya, ikkilisiya ba ta rushe ba. A 2 Korintiyawa sura 8, da aka tara gudummawa, Bulus ya sa waɗanda ikkilisiyoyi suka zaɓa su raka kuɗin don kada a sami abin zargi. A wasiƙar Yohanna ta uku kuma na tarar da Baba da kansa: wani Diyotarifis mai son zama na farko, wanda ba ya karɓan 'yan'uwa, yana kuma korar waɗanda suka karɓe su. Na san akwai horo a ikkilisiya, kuma Nassi ya koyar da shi. Amma horon a kan zunubi ne bayyananne, a gaban shaidu, da nufin maido da mutum. Abokina laifinsa tambayar lissafi.

Yanzu ni ne mataimakin shugaban wannan zumunta, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Akwai ranakun da nake jin muryar Baba a bakina. In wani ya tafi wata majami'a, yadda muke magana a kansa bayan taro ba ya yi mini daɗi. Mun taɓa sa wa wata 'yar'uwa ido don ta zaɓi bikin ƙanwarta a kan taron ƙarshen shekara, har ta zo tana ba da haƙuri kamar ta yi sata. Rahoton kuɗinmu na bara sai da dattawa suka tambaya sau biyu. Ba mu zama abin da na fito daga ciki ba, muna da dattawa a kanmu, muna da zaɓe, kowa yana komawa gidansa. Amma na roƙi kwamiti mu riƙa karanta lissafi kowane wata uku ko ba a tambaya ba, kuma a bar minti goma na tambaya bayan kowane nazari, ko da mai koyarwar ni ne. Na kuma roƙa a raba mana sunayen yaranmu da suke tafiya makarantu bana, kowa ya ɗauki ɗaya ya riƙa kira, musamman a wata na biyu, lokacin da kuɗi yake ƙarewa, zazzaɓi yake zuwa. Ƙanwarmu mai tambaya, sunanki yana hannuna.

Abokina na same shi bayan an koma makaranta. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na kasa magana. Ya ce in shigo, ya zuba mini garin kwaki, bai taɓa tayar da zancen ba har muka gama. Sai dai bai sake shiga wata majami'a ba tun daga lokacin, ya ce in ya ji an ɗaga waƙa cikinsa ne yake murɗawa. Ba na matsa masa. 'Yar'uwar da take aiko mini da kunu kuwa tana can har yanzu, ƙungiyar ta koma wani gari, ta bar karatu a shekarar ƙarshe. Ina kiran lambarta farkon kowane wata. Sau da yawa ba ta ɗauka. A watan jiya ta ɗauka, ta yi shiru, sai ta tambaye ni ko Mamanta tana lafiya. Na ce tana lafiya, tana tambayarki. Ta ce an kira su addu'a, ta kashe wayar.